Ciwon baya ya hana Baba barci, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ne, shekararshi 63, muna nan Maraɗi. Wata huɗu ke nan likita ya ce yana da miyeloma, wato kansar ɓargo, ya nuna muna radiyo, wato hoton ƙashi, ƙashin bayan duk ramuka kamar gara ta ci itace. An fara magani amma ciwon bayan nan shi ya hana mu sakat, da dare in zai juya sai mun kama shi mu biyu yana cije leɓe don kar Inna ta ji, sallah ma a zaune yake yi. Muna sayo mishi diklofenak a farmasi yana ɗan lafawa, kawunmu kuma ya dage a kai shi wajen mai ɗori ko a yi mishi ƙaho. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan jinya ya taimaka.

Maman Nana: Wa'alaikumus salam. Ɗana don Allah ku aje diklofenak ɗin nan yau yau, har da ibuprofen. Ita wannan cuta da ma ƙoda take kamawa, su kuma ƙara mata wahala suke. Da mijina yana kwance parasetamol da morfin, wani maganin ciwo mai ƙarfi, likita ya rubuta mishi, kuma a kan lokaci ake ba shi, ba a jira sai ya fara nishi. Morfin na ɗaure ciki, ku nemi a haɗa muku da na sakin ciki. Ruwa kuma ya sha sosai da zafin nan namu, sai in likita ya ƙayyade.

Abdu: Ɗori kam a'a wallahi. Ƙashin ya riga ya yi rauni, danna ɗaya na iya karya shi. Ku lallashi kawu, shi ma tausayi ne.

Hadiza infirmiya: Allah ya ba Baba lahiya. Ku tambayi likitanshi maganar zoledronat, ƙarin ruwa ne da ake sawa kusan wata wata don ƙarfafa ƙashi, amma sai an duba ƙoda da haƙora tukuna. In wuri ɗaya ne ke mishi zogi akwai gashi da haske a cibiyar kansa ta Yamai, yana rage ciwo sosai. Abin da na fi so ka riƙe, in ƙafafunshi suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa bai sani ba, to mai yiwuwa ƙashi ko ƙari ne ya danne laka, ku kwashe shi a kwance zuwa asibiti ko tsakar dare ne. Haka in ya fara ruɗewa da ƙishirwa mai yawa.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka. Anti Hadiza tun jiya yake cewa ƙafar hagu kamar ba tashi ba, na zaci kwanciya ce.

Hadiza infirmiya: Kar ku jira safiya, kuma ban da kabu-kabu. Ku nemi mota yanzu.