Python: me ya sa kowane ɗalibi ke samun Passable?

Malamin lissafi, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan Tawa. Sati uku ke nan da na fara koyon yaren kwamfuta na Python a waya da manhajar Pydroid 3, da dare in yara sun kwanta. So nake in sa makin ɗalibi bisa 20, waya ta faɗa mini matsayinsa. Ga abin da na rubuta:

```
if maki >= 10:
    matsayi = "Passable"
elif maki >= 12:
    matsayi = "Assez bien"
elif maki >= 14:
    matsayi = "Bien"
elif maki >= 16:
    matsayi = "Très bien"
else:
    matsayi = "Bai kai ba"
```

Na gwada da 17, makin yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina, sai ya ba ta Passable. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah ina na kuskure?

Ƴar Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Rubutunka daidai yake, jerin ne ya juye. Python daga sama yake bin sharuɗɗan, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ruwa: rijiyar farko da ya tarar da ruwa nan zai cika tulunsa, ba zai leƙa sauran ba. Tambayar farko ita ce, 17 ya kai 10? Ya kai. Shi ke nan, Passable, sauran elif ɗin ko kallonsu bai yi ba. Ka fara da 16, sai 14, sai 12, sai 10, else a ƙarshe.

Kuma kada ka mai da elif ɗin su zama if zalla. Na taɓa yin haka ina ɗalibta. Kowane if zaman kansa yake, duk za a duba su, na ƙarshe ya goge amsar na farko, yarinyar ta sake komawa Passable.

Ɗalibi daga jami'ar Abdou Moumouni:
Ƙari a kan na Yaya. Mu nan mun saba rubuta 12,5 da waƙafi yadda aka koya mana a lakwal, Python kuwa ɗigo ya sani, 12.5. Sannan duk abin da input ya karɓa rubutu ne, ba lamba ba, sai an bi da shi ta float, mai mai da rubutu lamba, kafin a gwada shi da 10. In ka ba float 12,5 zai tsaya ya nuna kuskuren ValueError.

Malamin lissafi, Tawa:
Alhamdulillahi, na juya jerin, ta samu Très bien ɗinta. Na gwada 9.5 da 10 da 16 cif, duk sun fito daidai. Allah ya saka muku da alheri. Amma ɗazu yatsana ya zame na buga 71, shi ma ya ce Très bien. In ƙara sharaɗin ƙin abin da ya wuce 20 a can sama ke nan?

Ƴar Yamai:
A sama Malam, kafin 16. Ka haɗa da na ƙasa da sifili:

```
if maki < 0 or maki > 20:
```

Sai na 16 ya koma elif.