Neman shawara: in sayar da filina in yi odar kwantenar gadaje daga birnin Foshan na Chana?

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon kayan ɗaki a Kano, gado da sif da madubi nake sara wurin kafintoci. Asali shagon na yayana ne, da ya koma Abuja ya bar min. To abokina da ke Gwanzu ya ce masana'antun Foshan sun karya farashi saboda harajin Amurka ya toshe musu kasuwa. Barci ya gagare ni.

Alhaji Na-Kwari: Yaro, saurara. Tun 2005 Amurka ta ɗora wa gadajen katako na Chana harajin hana karya farashi, masu masana'antu da yawa suka kwashe injinansu zuwa Biyetnam. A 2019 harajin kayan ɗakin Chana ya kai kashi 25 cikin 100. A Oktoban 2025 Trump ya sa wani 25 kan kujerun kushin da kabad ɗin kicin, har da na Biyetnam. Kayan da Amurka ta ƙi, dole su nemo mu. Saya!

Malam Kafinta: Haba Alhaji. Madobiyarmu aka yi ta sarewa a Taraba ana kai wa 'yan Chana, su dawo mana da garin katako matsattse. Ruwan mofa ya taɓa ƙafar gadon, sai ta kumbura. Yarana duk sun koma tuƙa adaidaita.

Maman Sultan: Ka tambayi kuɗin fito? Kwantenar maigidana ta daɗe a tashar ruwa a Legas, kuɗin ajiya ya cinye ribar tas. Kuma gadon da aka yanka wa Amurkawa, katifarmu shida-da-shida ba ta zama daidai a ciki.

Baban Ilham: Hajiya, abokina ba zai cuce ni ba, tare muka yi makarantar allo. Malam Kafinta, amare yanzu na waje suke so, ni na sani.

Alhaji Na-Kwari: Ƙyale su. Tun Oktoban 2023 Babban Bankin Najeriya ya cire takunkumin hana sayar da dala ga masu shigo da kayan ɗaki. Tsoro ba ya kasuwa.

Maman Sultan: Cire takunkumi daban, kuɗin kwastam daban, Alhaji. Nawa aka ce maka, Baban Ilham?

Baban Ilham: Wannan zan ji daga baya. Akwai wanda ya san dillalin fili mai amana wajen Rijiyar Zaki?