Bot: me za mu kira shi da Hausa?

1/
Jama'a, kalma ɗaya nake nema. Wannan abokin karawar da ba mutum ba, wanda kwamfuta ke sarrafawa a cikin gem, wanda yaranmu ke ce wa bot. Mako guda ke nan ina juya maganar, na tambayi na sama da ni, na tambayi na ƙasa da ni. Yau zan zube muku abin da na tattaro da kuma inda na tsaya. Wanda yake da wadda ta fi tawa, bismillah.

2/
Abin da ya tayar da zancen, ranar Asabar na je gidan yayata a Gwammaja. Na tarar da ɗanta, ɗan shekara 15, a zaure ya jingina da bango, ya riƙe waya a kwance da hannu biyu, manyan yatsunsa sai kai-komo suke a kan gilashi. Na ce da wa kake bugawa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, da bot ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin ita ta tsaya mini a rai. Ya faɗe ta kamar wanda aka kama da laifi. Da na bincika sai na gane abokansa sun mayar da kalmar zagi. In ka yi wasa bai yi kyau ba sai a ce maka "kai bot ne." In aka ji da kwamfuta kake bugawa sai a ce tsoro kake ji. To ni ban yarda tsoro ba ne, kuma ba na so mu ɗauko kalmar Hausa da za ta zo da wannan raini a goye.

3/
Ita bot gutsure ce daga robot. Robot kuwa ba ma ta Ingilishi ba ce asali, daga harshen Cek ta fito, ta hanyar wani wasan kwaikwayo na 1920, kuma tushenta robota, wato aikin tilas da ake sa talakawa. Su ma aro suka yi suka datse. Saboda haka babu wani dalilin da zai sa mu ji nauyin taɓa ta.

4/
Kafin a raɗa wa abu suna sai an san shi, kuma an san masu hulɗa da shi. Me ya sa mutum zai bar 'yan Adam ya zaɓi kwamfuta?

Na farko sabis. Duk wanda ya taɓa buga wasannin harbi na waya irin su PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile a Kano ya san lambar nan da ke gefen allo, wadda take kore in an yi sa'a, take komawa ja in ba a yi ba. Tana auna lokacin da saƙonka ke ɗauka kafin ya je babbar kwamfutar kamfanin ya dawo, kuma 1000 a ma'auninta daƙiƙa ɗaya ce. Ni a wayata nakan ga 150, nakan ga 200, da daddare in unguwa ta hau intanet har ta wuce nan. Wanda ke kusa da inda kwamfutar take yana iya ganin 30. Kai ka ga ka riga shi harbi, ka ga har ka shige bayan bango, amma a wajen kwamfutar da ke yanke hukunci tuni ka faɗi. Wannan dambe ne da aka ɗaure wa ɗaya hannu. Mutum ya sayi data da kuɗin guminsa, ya kai waya caji wajen mai caji saboda an ɗauke wuta tun safe, sannan ya shiga fili a kashe shi kafin ya ɗauki bindiga. Sau nawa zai jure?

Da kwamfuta kuwa, a wasanni da yawa ko data ba ka buƙata. Abin da ka danna shi ke faruwa a lokacin da ka danna.

5/
Na biyu, kuma wannan namu ne: salla. Wasan da mutum 100 suka shiga a PUBG, ko 50 a Free Fire, ba a tsayar da shi don an kira Magariba a Kano. Ko dai ka fita a rage maka maki, ka kuma bar abokan tafiyarka a tsakiyar wuta, ko kuma ka ce "bari na ƙarasa" har a tayar da iƙama. Duk mun san yaran da aka yi ta faɗa da su a kan wannan. Wasan ƙwallon da kake yi da kwamfuta kuwa, ka tsayar da shi a minti na 70, ka yi alwala, ka je masallaci, ka dawo ka tarar da ƙwallo a inda ka bar ta. Haka in Hajiya ta ƙwala kira a aike ka kanti.

6/
Na uku baki. Wata 'yar'uwa ta rubuto mini bayan na fara tambaya, ta ce, "Yaya, ni da na buɗe makirfo suka ji muryar mace, shi ke nan wasa ya ƙare, sai maganganun da ba zan iya maimaitawa ba." Yanzu ita da ƙannenta biyu suke haɗa kai su yaƙi kwamfuta. Maza ma ba su tsira ba. Yaron da ka haifi kamarsa, daga ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, ya zagi mahaifiyarka don ka ɓarar da harbi ɗaya. Bahaushe ba ya ɗaukar zagin uwa da wasa, ko a gem ne. Ga kuma masu maguɗi, waɗanda ke sa manhajar da ke nuna musu mutum ta bayan bango ko ta saita musu bindiga. Kamfanoni na ta rufe asusunsu, suna ta dawowa da sababbi.

7/
Akwai wani tela abokina a wajen Ƙofar Wambai. Wuni yake a kan keke, masu kaya na tsaye a kansa, balle in salla ta matso. Bayan Isha yakan zauna a kan bencin ƙofar shago, ya cire tabarau, ya buɗe Dream League Soccer ya buga wasa biyu da kwamfuta. Na ce me ya sa ba ka shiga da mutane? Ya ce, "Malam, tun safe da mutane nake fama. Yanzu hutawa nake so na yi, ba neman wanda zai tayar mini da jijiya ba." Ya zaɓi matakin wahalar da ya dace da shi, in ya ga yana cin 5 da nema ya ƙara mataki. Wannan mutumin ne za a kira matsoraci?

A gidan gem ma haka. Inda ƙa'ida take wanda aka ci shi ke biya, ɗan koyo ba ya da kuɗin da zai yi ta zuba wa gwanaye. Dole sai ya fara goge hannunsa da kwamfuta.

8/
Sai kalmomin da aka kawo mini.

Mutum-mutumi. Ita ta fara zuwa bakin kusan kowa, don ita kafafen labarai ke amfani da ita ga robot. Amma mutum-mutumi abu ne mai jiki, ana ganinsa ana taɓa shi, tun daga na gona mai korar tsuntsaye har na ƙarfe da ke aiki a masana'anta. Bot ba shi da jiki, umarni ne a rubuce. Sannan ka gwada faɗinta ana tsakiyar harbi, kafin ka kai ƙarshenta an gama da kai.

Ƙirƙirarriyar basira ta yi faɗi da yawa, sunan fanni ne gaba ɗaya. 'Yar tsana kuwa raini ce tsagwaronta, kuma ba ta motsi da kanta.

9/
Kwam. Masu buga wasan ƙwallon nan na PES tun kafin a mayar da sunansa eFootball a 2021 sun san haruffa ukun nan, COM, da ake rubutawa a gefen da kwamfuta ke riƙe da shi. A gidan gem ɗin da na saba leƙawa na sha jin ana cewa "ba ni da abokin bugu, sa mini da kwam." Ina son ta don gajera ce, kuma ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro ta. Matsalarta, ba ta fita daga ƙwallo ba. Ɗan Free Fire bai san ta ba. Ba ta kuma yin jam'i, ga shi a wasan harbi sukan zo su goma.

10/
Biyu daga cikin shawarwarin sun burge ni ƙwarai, duk da ba su ne amsar ba.

Cikon benci. Wasannin nan na mutum da yawa, in 'yan wasa ba su cika ba, ko kuma kai sabon shiga ne, kamfani kan cusa bot a cikin fili don a fara da wuri, kuma don sabo ya samu wanda zai iya kayarwa kada ya yi zuciya ya goge gem ɗin. Shi ya sa wasanka na farko a PUBG Mobile kake jin kanka gwarzo. Fortnite ma ta shigo da su a 2019. Wannan cikon benci ne sak, babu kalmar da ta fi ta dacewa.

Sojan gona. Irin wannan bot ɗin ana ba shi suna irin na mutane, a sa masa kaya irin na mutane, ba a gaya maka ba mutum ba ne. Sai ka lura da tafiyarsa: ya taho kai tsaye ba ɓuya, ya tsaya a fili yana harbi gefenka, in ka kashe shi ka buɗe akwatin kayan da ya bari ka tarar da 'yan tarkace. Wanda ya kawo sojan gona, Allah ya ƙara basira.

Amma ku lura, duka biyun suna bayyana wanda aka cusa maka ne ba da saninka ba. Wanda tela ya zaɓa da hannunsa bai yi wa kowa sojan gona ba, kuma ba benci yake cikawa ba. Shi ne abokin karawar.

11/
Kuma dole kalmar ta iya ɗaukar mai ƙarfi, domin raunin bot da gangan ake sa shi. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa ta ces. A 2016 manhajar AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol 4 da 1 a Go, wani wasa mai kama da dara, a birnin Seoul. In kamfani ya ga dama zai yi bot da ba ya ɓarar da harsashi ko ɗaya, sai dai ba wanda zai so wasa da shi. Gwanintar ita ce a yi wanda zai ba ka wahala daidai ƙarfinka. Tun Pac-Man na 1980 ake wannan dabara: dodanni huɗu, kowa da halinsa, ja yana bin ka kai tsaye, mai ruwan hoda yana neman tare maka gaba. Kalmar da ke nufin "rago" ko "wawa" ba za ta riƙe wannan duka ba.

12/
Na kai maganar gaban malamin da ya koyar da ni Hausa a sakandare, yanzu ya yi ritaya yana zaune a cikin gari. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya ake gane kalmar da za ta rayu?" Ya ce, "Ɗana, ka duba ko tana yin jam'i, ko tana yin mace da namiji, ko kuma yaro zai iya faɗinta da gudu." Ya tuna mini da a daidaita sahu. Sunan shirin gyaran tarbiyya ne na zamanin Malam Ibrahim Shekarau, mutanen Kano suka ɗauke shi suka liƙa wa babur mai ƙafa uku, har yau ba wanda ya iya ɓamɓare shi.

13/
Da wannan ma'aunin na tsaya a kan ɗan inji.

Ɗan inji, 'yar inji, 'yan inji. Gaɓa uku, tana fita da gudu: "Ɗan inji ne, bar shi, mutum na bayanka!" Ba ta yabo, ba ta zagi, asali kawai take faɗa, kamar ɗan Fagge ko ɗan Kurna. Kana iya cewa ɗan inji mai sauƙi, kana iya cewa ƙasurgumin ɗan inji.

An ce mini inji a kunnen Bakano sai ya tuna da markaɗe ko janareto. Gaskiya ne. Amma mai aiki da injin markaɗe mai inji muke ce masa, ba ɗan inji ba, saboda haka gurbin a buɗe yake. Jirgi ma da na ruwa kaɗai aka sani, ya zo ya ɗauki na ƙasa da na sama. Ɗan kwamfuta ba za ta yiwu ba, don tuni tana nufin wanda ya iya kwamfuta. Ɗan na'ura ta yi kyau a rubutu, amma tana da nauyi a baki, ta fi kama da ta labaran ƙarfe bakwai.

14/
In an karɓi wannan, sauran sun zo da sauƙi. Abin da suke rubutawa PvP, karawa da mutum. PvE, karawa da inji. Wanda kuma abokai ke haɗuwa su uku ko huɗu su taru a kan 'yan inji, kamar yadda 'yar'uwar nan ke yi da ƙannenta, ni wasan gayya zan ce masa. Gayya ai ita ce a taru a yi aiki ɗaya, ba mai neman kayar da ɗan'uwansa, in an gama kowa ya samu. Cikon benci da sojan gona su zauna a matsayinsu, ga ɗan injin da aka cusa a fili ba a faɗa ba.

Bot ɗin da ke yaɗa saƙonni a Facebook da X wani zance ne daban, ban sa shi a nan ba.

15/
Jiya na koma Gwammaja da kalmar. Na faɗa wa yaron, ya maimaita ta sau biyu a hankali yana gwada ta a baki. Ya ce abokansa za su yi dariya da farko. Na ce su yi. Na zauna kusa da shi ina amsa saƙonni, shi ya koma kan wasansa. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kawu, duba nan, 'yan inji uku ne a bayan motar can, amma na huɗun mutum ne, ka ga yadda yake ɓuya."