Auren 1299: Wa Ya Ci Riba, Sabiya ko Rumawa?

Malamin Tarihi: Jama'a, ni a ganina Andronikos na Biyu, Sarkin Rumawan Konstantinoful, shi ya yi nasara a sulhun 1299. Milutin, Sarkin Sabiya, ya ƙwace birnin Skopje tun 1282, yana ta kai hari kudu cikin Masedoniya. Da aure ɗaya aka tsayar da shi: Andronikos ya aurar masa da 'yarsa Simonida.

Ɗan Zariya: Haba Malam, wace nasara? Ƙasar da Milutin ya riga ya ci da takobi, arewa da layin garuruwan Ohrid, Prilep da Shtip, ita aka ba shi a matsayin gara. Rufin asiri ne kawai, don kada a ce Rumawa sun sallama.

Malamin Tarihi: To, ka duba halin da Andronikos ke ciki. Turkawa na cinye masa Anatoliya gari-gari, ba shi da sojan da zai riƙe fage biyu. Ya tura jakadansa Theodore Metochites ya yi ta kai-komo har aka daidaita. Iyakar ta lafa har mutuwar Milutin a 1321, surukin ma ya aiko da mahaya doki suka taya shi yaƙar Turkawa.

Hajiya daga Maradi: Ku yi haƙuri, duk kuna lissafin ƙasa kun manta da yarinyar. Simonida shekararta 5. Milutin ya haura 40, ya sha aure. Tun farko ƙanwar Andronikos, Eudokiya, aka nufa, ta ce sam. Babba ta iya ƙi, sai aka juya kan wadda ba ta da bakin magana. Shugaban cocin Konstantinoful kansa bai yarda ba, amma aka kai ta bakin kogin Vardar aka miƙa ta. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma bayan mutuwar Milutin ta koma gida ta ƙare rayuwa a gidan zuhudu.

Ɗan Zariya: Gaskiyarki Hajiya, abin ba daɗin ji. Amma Malam, wace lafawa? Jikan Milutin, Dushan, ya tsallake layin nan, a 1346 aka naɗa shi babban sarki a Skopje ɗin.

Malamin Tarihi: Wannan bayan shekara 47 ke nan, ƙanena. Andronikos lokaci ya nema, kuma ya samu. Batun Simonida kuwa, Hajiya, ba zan kare shi ba.