Muhawara: A teku ne Liberator ya fi amfani, ko a sararin Jamus?

Injiniya: Jama'a, ra'ayina ke nan, wanda zai ja ya ja. Jirgin B-24 Liberator, wanda Amurka ta ƙera sama da 18,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, bai yi aikin da ya kai sintirin teku ba. Ruwan bama-bamai suna ne kawai.

Tsohon Soja: Haba Injiniya! Jirgin da aka ƙera don jefa bam? Ka manta da harin matatun man Ploesti na Romaniya, 1 ga Agusta 1943?

Injiniya: Ranka ya daɗe, ai ka ba ni hujja da bakinka. Daga Bingazi suka tashi, sama da 50 ba su dawo ba, matatun kuma aka gyara su cikin makonni. To dubi Atlantika. Akwai wani yanki a tsakiyar teku da jiragen sintiri ba sa kaiwa, nan jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke cin karensu babu babbaka a kan jiragen dakon abinci da mai zuwa Ingila. Aka rage wa Liberator sulke da bindigogi, aka ƙara masa tankunan mai, ya riƙa tashi daga Ayislan da Ayilan ta Arewa yana shafe sa'o'i fiye da goma a sama. A watan Mayun 1943 Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin ruwa kimanin 40, har Dönitz, shugaban rundunar ruwanta, ya janye sauran.

Malama: Injiniya, kada ka ɗora wa jirgi ɗaya rawanin kowa. An karya lambobin sirrin Enigma, na'urar da Jamus ke ɓoye saƙonninta da ita, ga rada, ga ƙananan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama da ke raka ayari. Hannu da yawa ne.

Injiniya: Na yarda, Malama. Amma me ya sa giɓin ya daɗe a buɗe? Saboda irin su Arthur Harris, shugaban rundunar jiragen jefa bam ta Birtaniya, sun ƙi sakin manyan jirage, su dai a kona biranen Jamus.

Ɗan Fagge: Ni fa ɓangaren dako ya fi burge ni. Liberator ne ya kai Firaministan Birtaniya Churchill Alƙahira da Mosko a Agustan 1942. Kuma jiragen Amurka da ke zuwa Gabas ta Tsakiya ta Akara suke bi, su ratsa Kano da Maiduguri zuwa Hartum.

Tsohon Soja: Yaro, kada ka yabi na dakon da yawa. Samfurin C-87 matuƙa ba su so shi ba, ƙanƙara kaɗan a fiffike sai ya rikice. Na dakon fetur kuwa, C-109, da ke tsallaka Himalaya daga Indiya zuwa Sin, wa zai so ya sauka da shi cike da mai?

Malama: Baba, kenan ka bar maganar Ploesti?

Tsohon Soja: Ban bari ba, 'yata. Hare-haren 1944 ne suka ƙarar da man Jamus, kuma Liberator na cikinsu. Injiniya ya amsa wannan tukuna.