Abin da aka tattauna kan filin wasa na Coliseum da jiragen ƙasa na birnin Oakland, Amurka

Jama'a hirar ta yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa saboda waɗanda ba su samu bi ba.

1. Kowa ya yarda BART, jirgin ƙasan cikin gari na yankin, ce hanyar zuwa filin, tun 1972 da aka buɗe tashar. Ka sauka ka bi gadar ƙafa da taron mutane, ga masu kiɗa da masu talla, sai ga ka a bakin ƙofa. Da yawa sun ce wannan tafiyar suka fi kewa.

2. Dattawanmu sun tuna jiragen ƙasa na kamfanin Key System da ke bin hawan ƙasa na gadar Bay Bridge zuwa San Francisco kafin a cire su a 1958. Sun ce mai son ganinsu ya je gidan tarihin jiragen ƙasa na Western Railway Museum, akwai su a ajiye.

3. Inda aka rabu shi ne haɗa ƙungiyar A's ta besbol da ƙungiyar Raiders ta ƙwallon Amurka a fili ɗaya. Wasu sun ce ganin 'yan Raiders suna faɗuwa kan jar ƙasar besbol a watan Satumba abin sha'awa ne, wasu kuma suka ce wallahi cuta ce ga 'yan wasa, ciyawar ma lalacewa take yi. Ni dai ina tare da na biyu.

4. Kujerun saman nan da aka ƙara a 1996, su suka tare tsaunukan Oakland, wannan kam babu wanda ya kare su.

5. Raiders sun koma Las Vegas a 2020, A's sun yi wasansu na ƙarshe a filin a Satumbar 2024. Masu tsofaffin tikiti da hotuna an ce su adana.