Wace takarda ce ta dace da alƙalamin tawada ga mai rubutun Larabci?

Ɗalibi a Madina ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina, ina neman shawararku a kan takarda. Shekarata ta biyu ke nan a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma bayan darussan aji nakan zauna a halƙoƙin karatu na Masallacin Annabi tsakanin Magariba da Isha'i, inda hannu ba ya hutawa da rubutu. Da yatsuna suka gaji da danna biro, sai wani yayana da ya zo Umra ya kawo mini alƙalamin da ake ɗura wa tawada, Lamy Safari mai matsakaicin baki, tare da kwalbar shuɗiyar tawada. Alƙalamin yana da daɗin rubutu ƙwarai, amma littattafan rubutun da nake saye a shagon unguwarmu sun ƙi shi. Da zarar na ɗora bakinsa sai tawada ta bazu ta yi gashi, ta cike idon mim da na wau, ɗigo biyu na ƙaf kuma su haɗe har in kasa bambance shi da fa, sannan idan na juya shafi in tarar ta ratsa ta ɓata bayan.

Na ɗauka sirantar takardar ce, saboda haka na sayi wani littafi mai kauri wanda aka rubuta giram 100 a bangonsa, amma bai sauya zane ba. Mene ne ainihin abin da ake dubawa, tun da ba kauri ba ne? Kuma wace takarda zan nema a nan Saudiyya wadda ɗalibi zai iya ɗaukar kuɗinta, ganin cewa ina son waɗannan rubuce-rubuce su daɗe, in koma gida da su in karantar?

Ma'aikacin maɗaba'a a Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, lambar da ka gani a bango ba ta yi maka ƙarya ba, sai dai ba abin da kake nema take aunawa ba. Giram 80 ko 100 nauyin murabba'in mita guda ne na wannan takarda. Falle ɗaya na A4 kashi ɗaya ne cikin 16 na murabba'in mita, don haka fallen takarda mai giram 80 yana da nauyin giram 5. Wannan lissafi yana gaya maka kauri, da kuma ko za a hango inuwar rubutu ta baya, amma ba ya gaya maka yadda takardar za ta karɓi ruwa.

Takarda zaruruwan itace ne da aka niƙa aka shimfiɗa, kuma idan aka bar su yadda suke, suna shan ruwa kamar auduga. Tawadar biro mai kauri ce, mai maiƙo, tana zama inda aka ajiye ta, shi ya sa kowace takarda take karɓarta. Tawadar alƙalaminka kuwa galibinta ruwa ne da aka narka rini a ciki, saboda haka tana bin zaruruwan nan duk inda suka nufa. Abin da ke hana ta shi ne sinadarin da masana'anta ke zubawa a cikin kwaɓin takardar don rage mata shan ruwa, da kuma sitacin da ake shafa wa fuskarta kafin a matse ta tsakanin ƙarafa ta yi santsi. Wannan aikin ba a rubuta shi a bango, kuma a nan ne mai neman araha yake rage kashe kuɗi. Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar Tomoe River ta Japan, wadda nauyinta giram 52 ne kacal, siririya kamar fatar albasa, amma tawada ba ta bazuwa a kanta kuma da wuya ta ratsa ta.

Yana da kyau ka raba aibobi uku, domin ba ɗaya ba ne. Bazuwar tawada a gefen harafi da ratsawarta zuwa baya duk daga ƙarancin wancan sinadari suke, kuma su ne ke lalata rubutu. Inuwar da ake hangowa ta baya ba tare da tawada ta huda ba, wannan siranta ce kawai, kuma mutane da yawa suna zaune lafiya da ita.

Shawarata ita ce kada ka ƙara sayen komai da yawa kafin gwaji, domin gani ya kori ji. Ka sayi littafi ɗaya, ka buɗe shafin ƙarshe, ka rubuta layi biyu masu yawan ɗigo da wasali, ka zana layi ɗaya a hankali ka tsayar da bakin alƙalamin a ƙarshensa na ɗan lokaci, sannan ka juya ka duba. Ka maimaita a bayan shafin, domin wani lokaci fuska ɗaya ta falle ta fi ɗayar kyau, kuma kamfani ɗaya yana iya sauya masana'antar da yake sayen takarda ba tare da ya sauya bango ba. Don rubutun yau da kullum, ka gwada takardar fotokwafi ta Double A mai giram 80, wadda ake yi a Tailan kuma ake samunta ko'ina a nan. Da siririn baki tana yin abin kirki. Rim guda falle 500 ne, kana iya kai wa masu ɗaure takardu su ɗaure maka ta ɓangaren dama.

Malama a Riyad ta amsa:

Bayanin Malam na Jidda ya gamsar, amma ina da gyara guda, domin kada ƙanena ya ji sunan Tomoe River ya je ya zuba kuɗinsa. Yawancin masu yabon wannan takarda daga hagu suke rubutu zuwa dama, hannunsu yana gudun tawadar da suka zuba. Mu kuwa, idan muna rubutun Larabci ko ajami da hannun dama, hannun yana biye da alƙalami ne, yana bi ta kan kalmar da aka gama yanzu. Takardar da ba ta shan tawada tana barinta ta bushe da iska ne, kuma hakan yana ɗaukar lokaci, don haka abin da ya sa ta yi fice shi ne kuma zai sa gefen tafinka ya share maka rabin layi a tsakiyar darasi, lokacin da malami ba zai jira ka ba. Ka bar ta don wasiƙa ko don kwafe matani a natse a ɗaki.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu. A rubutun dama zuwa hagu, sau da yawa tura bakin alƙalami ake yi a kan takarda maimakon jan sa, saboda haka takarda mai kaushi tana kama shi, tana cusa zare a tsagarsa. Abin da kake buƙata shi ne tsaka-tsaki, mai santsi amma wadda ba ta kai santsin gilashi ba. Rhodia mai giram 80 da Clairefontaine mai giram 90, dukansu na Faransa ne kuma gida ɗaya ne tun 1997, sun shahara wajen riƙe tawada, sai dai ta biyun ta fi santsi kuma ta fi jinkirin bushewa. Na Japan irin su Kokuyo Campus da Midori MD suna da ɗan riƙo a ƙarƙashin baki, wanda ni na fi so ga haruffanmu. Ka duba manyan shaguna irin Jarir, abin da ba ka samu ba kuma ka nema ta intanet.

Ka lura da layuka ma. Littattafan waje an yi su ne a buɗe daga hagu, layin gefensu ma yana hagu, don haka ya fi sauƙi ka sayi mai ɗigo-ɗigo, wanda tazararsa yawanci milimita 5 ce, ko wanda aka ɗaure ta sama, sai ka fara ta inda kake so. Idan mai layi ne, tazarar milimita 8 ta fi ba wasali wuri.

Sannan kada ka ɗora wa takarda laifin duka. Matsakaicin bakin Turai yana zubo tawada da yawa ga ƙaramin rubutun ɗalibi. Bakin Lamy Safari zare shi ake yi a sa wani, don haka ka nemi F, wato siririn baki, ko EF wanda ya fi shi siranta, ka haɗa da tawada mai ƙarancin gudu irin Pelikan 4001. Da waɗannan biyu kaɗai, wataƙila littattafan da ka riga ka saya ma su karɓu.

Dattijo daga Shari'a Mansur a Makka ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba da ilimi mai amfani. Ni ban san sunayen kamfanonin da 'yan'uwanka suka lissafa ba, da alƙalamin kara na tashi, amma matsalar da ka kawo tsohuwa ce. Alƙur'anan da mahaddatanmu suka rubuta da hannu a ƙasar Hausa da Borno a ƙarni na 19, da yawansu a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda idan ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere. Daga yankin Banis take fitowa, ta bi ta Masar da Tarabulus, fatake su ƙetaro Sahara da ita. Ba ta fi ta yau kauri da wani abin a zo a gani ba, amma an gyara fuskarta, kuma marubuci yakan ƙara goge ta da abu mai santsi kafin ya fara. Ka ga ke nan tun da can gyaran fuska ake nema.

Zan ja kunnenka a kan abu biyu. Na farko, kada sha'awar baƙin tawadar allo ta sa ka ɗura ta a wannan alƙalami. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, haka ma tawadar da masu zanen haɗɗi, wato ƙawataccen rubutun Larabci, suke saye a kwalba, kuma ƙaro idan ya bushe a cikin siraran hanyoyin alƙalamin zai toshe su. Na biyu, za ka ga masu haɗɗi suna yabon takardar da suke kira muƙahhar, wadda ake shafa wa sitaci da farin ƙwai da sinadarin alif a goge ta. An yi ta ne domin tawada ta zauna a sama, har marubuci ya iya goge kuskure, saboda haka ba ta dace da mai rubuta darasi da sauri ba.

Abin da na ga yara suna sakaci da shi kuma shi ne hannu. Mutum ya fito daga alwala hannunsa da danshi, ko ya shafa turare mai maiƙo, ko gumin zafin Hijaz ya taru a tafinsa, sai ya dafa shafi. Inda maiƙo ya taɓa, tawada takan ƙi kamawa ko ta bazu, shi ya sa ƙasan shafi ya fi sama lalacewa. Ka riƙa sa wani falle a ƙarƙashin hannunka, kuma idan ka samu takardar tsotse tawada, wadda Larabawa ke ce wa nashshaf, ta fi.

Ma'aikacin maɗaba'a a Jidda ya ƙara da cewa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na manta batun daɗewa. Abin da ke sa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa shi ne tsamin da ke cikinta da ragowar sinadarin itace da ba a cire ba, kamar yadda ake gani a tsohuwar jarida. Ka nemi wadda aka rubuta cewa ba ta da asid, ko mai alamar ISO 9706, wato ma'aunin takarda mai daɗewa. Amma takarda ba za ta ceci tawada ba, domin yawancin shuɗiyar tawada ruwa yana wanke ta, rana kuma tana kashe launinta. Ga abin da kake son ajiyewa, akwai Platinum Carbon Black, wadda aka yi musamman don irin wannan alƙalami kuma ba ta jin ruwa bayan ta bushe, da sharaɗin ka riƙa wanke alƙalamin a kai a kai. Bushewar iskar Madina tana taimaka maka wajen saurin shanyewar rubutu fiye da mu da ke cikin danshin bakin teku, sai dai kada ka bar alƙalami a buɗe ko a cikin mota.

Ɗalibi a Madina ya dawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sauya baki zuwa EF, na kuma gwada takardu uku kamar yadda Malam ya kwatanta. Tsohon littafina ya daina ratsawa, ko da yake ɗigo yana ɗan kumbura. Takardar fotokwafin ta fi shi tsabta, kuma ita na bayar a ɗaure mini don halƙa. Rhodia ta fi su duka fitar da harafi, amma maganar Malama ta tabbata, domin sai da na koyi saukar da hannuna ƙasa da layi kafin na daina sharewa. Saura littattafan ɗab'i da nake yi wa ta'aliƙi a gefe. Masu takarda ruwan ƙwai ba halinsu ɗaya ba, wani ya karɓi sabon bakin, wani kuma ya ratsa har ya taɓa matanin da ke baya, don haka a kansu na koma fensir har sai na gwada kowanne a shafinsa na ƙarshe.